Kek ɗin Aure Irin na Ingila: Mai Zabibi, Na Biktoriya, Ko Madeira?

Duk wanda ya je wurin mai yin kek a Ingila da maganar biki, kafin a zo kan launi ko furanni, abin da za a fara tambayarsa shi ne: mai zabibi kuke so ko mai laushi? A nan mutane da yawa suke rasa ta cewa, domin hoto suka zo da shi a waya, hoto kuwa ba ya nuna ciki. Kek biyu na iya zama fari fat, hawa uku-uku, ado iri ɗaya, amma ɗaya an gasa shi wata uku da suka wuce, ɗayan kuwa shekaranjiya. Ɗaya da barasa a cikinsa, ɗayan babu. Wannan bayani na masu shirin biki ne a Birtaniya, da dangin da aka ɗora wa nauyin kek, da masu sana'ar kek a gida waɗanda ake kawo wa irin wannan hoto a ce a yi kamarsa.

Abubuwan da za ku auna

Na farko, kuma a wurina shi ne gaba da komai, abin da aka zuba a ciki. Kek ɗin gargajiyar Turawan Ingila da burandi, wata giya mai ƙarfi, ake yin sa, ga kuma almon, ɗan itace mai kama da gyaɗa, da ke tayar wa wasu mutane ciwo mai tsanani. Na biyu, kwana nawa zai yi bai lalace ba, domin wannan ne zai nuna ranar da za a gasa shi da irin gaggawar da za a sha a makon biki. Na uku, ko zai iya ɗaukar hawa a kansa, ya jure tafiyar mota da zafin ɗakin taro. Na huɗu kuɗi, kuma kada ku tsaya kan kuɗin kek ɗin gaba ɗaya, ku raba shi da yawan bakin da zai ci. Na biyar, ko mutum zai iya yin sa a gida. Na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa: baƙin naku za su ci kuwa, ko a faranti za su bar shi?

Game da kuɗi akwai abu ɗaya da ya shafi kowane iri. Kek mai hawa daga hannun ƙwararre a Birtaniya ɗaruruwan fam ne, kuma mafi yawan kuɗin na aikin ado ne. Furen sukari guda ɗaya da aka yi da hannu na iya cin sa'o'i. Saboda haka canza abin da ke ciki ba ya rage kuɗi kamar yadda rage ado yake yi.

Kek mai zabibi, uban tafiyar

Wannan shi ne ainihin kek ɗin auren Ingila. Zabibi iri uku ake zubawa, ƙanana baƙaƙe da manya da masu ruwan zinare, da ɓawon lemo da aka dafa a sukari, da ceri, da jan sukari, da baƙar zumar rake, da kayan ƙamshi irin su kirfa da kanumfari da gyaɗar ƙamshi. 'Ya'yan itatuwan sun fi fulawa yawa nesa ba kusa ba; ƙullin aikinsa kawai ya riƙe su. Ana gasa shi da ƙaramar wuta, wajen digiri 140 zuwa 150 na ma'aunin Salsiyas, na tsawon awa huɗu ko fiye idan babba ne, a naɗe gwangwanin da takarda don kada gefe ya ƙone kafin tsakiya ta nuna. In ya huce sai a naɗe shi a ajiye wata biyu zuwa uku. Daga nan a shafa masa jam, a rufe shi da mazifan, wato niƙaƙƙen almon da sukari, a bar shi kwanaki ya sha iska don kada man almon ya ɓata farin sama. Sannan a yi masa aisin na farin ƙwai da garin sukari, wanda in ya bushe yake yin tauri ƙwarai.

Tsarin ya daɗe. Tun 1769 wata mata mai suna Elizabeth Raffald ta Manchester ta wallafa yadda ake kek ɗin amarya da rufin almon a ƙasa, na sukari a sama. Na auren Sarauniya Biktoriya a 1840 ya kai kimanin kilo 136, fari ne tas a lokacin da farin sukari alamar wadata ce. Na Sarauniya Elizabeth a 1947, tun tana gimbiya, wanda kamfanin McVitie and Price ya yi, hawa huɗu ne, tsayinsa ƙafa 9, kuma saboda ƙarancin abinci bayan yaƙi, daga Ostareliya aka aiko da kayan haɗinsa da yawa. A 2011 wata mai yin kek, Fiona Cairns, ta yi wa Yarima William da Kate mai hawa takwas, aka ajiye wani ɓangare, aka riƙa fito da shi a bikin baftismar 'ya'yansu a 2013 da 2015 da 2018. Al'adar ke nan: hawa na sama ba a yanka shi ranar biki, na ɗan fari ne.

Wurinsa a bikinsu kamar wurin alkaki da nakiya ne a kayan gara: abu mai sukari da yawa da ake yi tun da wuri, ya jira biki, ya kuma wuce biki ana rabo. Shi ya sa har yau wasu iyalai ke sa ƙananan yanka a akwatin kwali su aika wa waɗanda ba su samu zuwa ba.

Ta fuskar ƙarfi babu na biyunsa. Ba ya lotsawa, ba ya buƙatar firji, zafi bai cika damunsa ba, kuma mai ado yana da makonni ya yi aikinsa a natse. Kayan haɗinsa sun fi na kowa tsada, amma a ƙa'idar masu yanka kek a Birtaniya, rabon mutum ɗaya inci ɗaya ne faɗi, inci ɗaya tsawo, alhali na mai laushi inci biyu ne da inci ɗaya. Ke nan hawa ɗaya na mai zabibi yana ciyar da kusan ninki biyu na mutane. In aka yi wannan lissafi, tsadar tana raguwa sosai.

Sai maganar barasa, wadda ban yarda a yi mata kwaskwarima ba. Ana jiƙa zabibin a burandi kafin gashi, sannan a watannin ajiya ana huda kek ɗin da tsinke a zuba cokali ɗaya ko biyu duk bayan mako ɗaya ko biyu. Wani zai ce muku ai wuta ta ƙone ta. Gashi ba ya kawar da barasa gaba ɗaya, balle wadda aka zuba bayan an sauke, wadda ba ta ga wuta ba sam. Musulmi, da duk wanda ba ya shan giya, ya ɗauka kowane kek mai zabibi da ya gani a wurin biki ko a kanti yana da ita, sai in an tabbatar masa babu.

Ana iya yin sa ba barasa, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar: mutanen Wels suna da nasu kek mai zabibi, bara brith, wanda a baƙin shayi ake kwana da zabibinsa. A jiƙa 'ya'yan itatuwan a shayi mai kauri ko ruwan lemo ko na tuffa, a gasa. Ɗanɗano yana fitowa da kyau. Abin da aka rasa shi ne doguwar ajiya. Irin wannan a gasa shi makonni kaɗan kafin biki, kada a yi ta zuba masa ruwan lemo bayan gashi domin laima na jawo funfuna, kuma duk abin da ake so ya kai shekara a sa shi a firiza.

Matsalarsa ta biyu ita ce baki. Yana da nauyi, zaƙinsa mai zurfi ne da ɗan ɗaci-ɗaci, yara ba sa son sa, matasan Ingila su kansu da yawa sun juya masa baya. Bahaushen da ya saba da kek mai laushi na iya gutsura sau ɗaya ya ajiye. Ga almon a mazifan, ga ɗanyen farin ƙwai a aisin. Na biyun ana kauce masa da garin farin ƙwai da aka riga aka kashe wa ƙwayoyin cuta.

Kek ɗin Biktoriya

A kanti za ku ga an rubuta Victoria sponge. Shi ne kek ɗin shayin la'asar na Ingila, kuma da wuya a samu wanda ya fi shi sauƙi: bota, sukari, ƙwai da fulawa mai tashi, kowanne nauyi ɗaya. Giram 225 na kowanne da ƙwai huɗu ya isa gwangwani biyu masu inci takwas. Minti 20 zuwa 25 a digiri 180, a haɗa biyun da jam a tsakiya, wasu su ƙara kirim. Hodar tashin kek da Alfred Bird ya haɗa a Birmingham a 1843 ita ta ba irin wannan kek damar tashi da laushi haka.

Kowa na cin sa, daga jariri mai haƙori zuwa kaka. Kayan haɗinsa na da araha, kuma a asalinsa babu barasa. Abin dubawa kawai shi ne ruwan banila, domin mai kyau ɗin da barasa ake tatso shi. Akwai wanda ba ta ciki, sai a nema.

Laushin nan da ake so shi ne rauninsa. Kwana biyu zuwa uku ya fara bushewa. In ɗanyen kirim aka sa, firji yake so, kuma a ranar za a cinye shi. Ba ya ɗaukar nauyi: kowane hawa sai an kafa masa sanduna a ciki an ɗora faifai kafin a aza na sama, in ba haka ba ya zauna ko ya karkace. Dole a gasa shi ana gobe ko jibi biki, lokacin da kowa ke gudu da kai. Salon da ake yayi na barin gefensa tsirara ba rufi yana da kyau a hoto, amma iska na busar da shi cikin 'yan sa'o'i, don haka ba abin da za a jera tun safe ba ne a yanka bayan isha'i.

Madeira

Wannan ne nake ganin an fi yi wa rashin adalci, kuma shi zan nuna wa mafi yawan masu tambaya. Sunan na iya tsorata mutum, domin sunan wata giya ce ta tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal. A da da ita ake cin kek ɗin, amma ba a zuba ta a ciki. Bota ce da sukari da ƙwai da ɓawon lemun tsami, sai fulawa da ta ɗan fi ta na Biktoriya yawa. Ana gasa shi a gwangwani mai zurfi, wuta ƙasa-ƙasa, kimanin awa ɗaya ko fiye. Yana fitowa da tudu da tsaga a sama, sai a yanke a daidaita.

Ƙarin fulawar nan ita ce sirrin. Cikinsa a tsuke yake, yana yankuwa sumul ba ya marmashewa, yana ɗaukar rufin fondan, wato ƙullin sukari da ake murzawa a lulluɓe kek da shi, ba ya lotsawa, kuma in an kafa sanduna yana tsayawa hawa uku ko huɗu lafiya lau. In an rufe shi da kyau yana kai mako guda da daɗinsa, har ya ɗan wuce. Wannan mako guda ba ƙaramin abu ba ne: a gasa Litinin ko Talata, a yi ado Laraba da Alhamis, a huta kafin Asabar. Kuɗinsa kusan ɗaya da na Biktoriya.

Aibinsa shi ne in hannu bai ƙware ba yana fitowa a bushe, musamman manyan hawa da ke daɗewa a wuta. Maganinsa a shafa masa ruwan sukari da lemun tsami yana da ɗumi, a raba kowane hawa gida biyu ko uku a sa jam da kirim ɗin bota. Wasu girke-girken suna ƙara garin almon, don haka a tambaya.

Na lemun tsami da furen elda

A 2018 Yarima Harry da Meghan suka bar mai zabibi, Claire Ptak mai gidan kek na Violet a gabashin Landan ta yi musu na lemun tsami da furen elda, wato farin fure mai ƙamshi na wata bishiyar Turai, an rufe da kirim ɗin bota da furanni. Tun daga nan ya zama abin da amare ke nema. Ɗanɗanonsa mai sanyi ne, tsamin na yanke zaƙi, ya dace da bayan abinci mai maiƙo. Amma ƙasansa kek mai laushi ne, saboda haka duk raunin na Biktoriya yana nan, ga kirim ɗin bota a waje ba abin da ya kare shi. A lura kuma: ruwan furen elda da ake sha babu barasa, amma akwai giyar da ake yi da furen, wasu masu kek suna ɗiga ta.

Sauran, a taƙaice

Kek ɗin Dundee na Sikotlan ƙanin mai zabibi ne: ya fi shi sauƙi a ciki, yana da ƙamshin ɓawon lemo, an jera almon da'ira-da'ira a samansa, ba aisin. Kamfanin Keiller mai jam ɗin lemo a garin Dundee ne ya yaɗa shi a ƙarni na 19. Yana yin makonni, ya dace da kyauta ga surukai ko teburin shayi, amma ba na hawa ba ne, kuma wasu na sa masa wiski.

Na biskit da cakulan ba a gasa shi: a farfasa biskit, a cuɗa da narkakken cakulan da bota, a danna a gwangwani a sa a firji. Shi Yarima William ya nema a matsayin kek na biyu a bikinsa. Yara na rububinsa, kowa na iya yi, sai dai zafi kaɗan ya sake.

Kek ɗin Battenberg mai murabba'ai ruwan hoda da rawaya na faranti ne. Kek ɗin Simnel na bikin Ista ne, ba ruwansa da aure.

| Kek | Tsadar kayan haɗi | Daɗewa | Ɗaukar hawa | Yi a gida | Abin tsoro |
|---|---|---|---|---|---|
| Mai zabibi da burandi | Mai yawa | Watanni, har shekara | Mafi ƙarfi | Sai haƙuri da tsari | Barasa, almon, ƙin ci |
| Mai zabibi da shayi | Mai yawa | Makonni | Mafi ƙarfi | Sai haƙuri da tsari | Funfuna, almon |
| Biktoriya | Kaɗan | Kwana 2 zuwa 3 | Rauni | Mai sauƙi ƙwarai | Bushewa, karkacewa |
| Madeira | Kaɗan | Kimanin mako guda | Da kyau | Matsakaici | Bushewa in an wuce gashi |
| Lemun tsami da elda | Matsakaiciya | Kwana 2 zuwa 3 | Rauni | Matsakaici | Narkewar kirim |
| Dundee | Matsakaiciya | Makonni | Ba a ɗora shi | Matsakaici | Almon, wiski |
| Biskit da cakulan | Matsakaiciya | Kwanaki a firji | Kaɗan | Mai sauƙi ƙwarai | Zafi |

Zafi, da abin da aka rufe kek da shi

Bota tana narkewa ne wajen digiri 32 zuwa 35, kuma tun kafin nan ta fara saki. A Ingila wannan matsalar watannin Yuni zuwa Agusta ce, musamman bikin da ake yi a rumfar tanti; a Yulin 2022 zafi ya haura digiri 40 a ƙasar karo na farko. Mai yin irin wannan kek a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu kuwa, kirim ɗin bota a waje kasada ce sai in ɗakin taron na da sanyi kuma wutar ba za ta ɗauke ba. Fondan ya fi jurewa, amma da damina yana yin gumi, haka ma in an fito da shi daga firji kai tsaye zuwa zafi. Aisin mai tauri shi ya fi son iskar hunturu. Zabibi da ceri da almon kayan waje ne masu tsada a kasuwanninmu. Yankakken dabino na iya maye wani kaso na zabibin, ya kuma kawo ɗanɗanon da bakinmu ya sani.

Kafin ku ba da kuɗin kafin alƙalami, ku sa mai kek ya rubuta muku amsar abu huɗu: ko akwai barasa a jiƙo ko a ruwan shafawa ko a banila, ko akwai jelatin, wato abin daskararwa da ake samu daga fata da ƙashin dabba, a fondan ko a furannin sukari, kuma na wace dabba ne, ko jan launin na ƙwaro ne, wanda lambarsa E120, da kuma ranar da za a gasa. Dokar Birtaniya ta wajabta wa mai sayar da abinci ya bayyana abubuwa 14 masu tayar da ciwo, almon da ƙwai da madara da alkama suna ciki, amma barasa da jelatin ɗin alade ba sa cikin jerin. Sai kun tambaya da bakinku. Ku tambayi ɗakin taron ma, domin wasu suna karɓar kuɗin yankawa.

Wa ya dace da wanne

In baƙi suna da yawa, ana son hawa uku ko huɗu, kuma yawancinsu mutanenmu ne, ku ɗauki Madeira da rufin fondan. Shi ya haɗa ƙarfi da araha da ɗanɗanon da ba wanda zai ƙi.

In ɗaya daga cikin dangin Turawan Ingila ne, kuma iyaye da kakanni suna sa ran ganin abin da suka saba, ku haɗa: manyan hawa Madeira, ƙaramin hawa ɗaya mai zabibi da aka jiƙa a shayi. Hankali na cewa mai nauyi ya zauna ƙasa, amma ƙarami mai inci shida yana zama a sama lafiya in an kafa sanduna da kyau, ga shi an cika al'adar ajiye na sama. A sa shi a firiza bayan biki, kuma a sanar da baƙi cewa akwai almon.

In walima ce ƙarama a gida, mutum ashirin ko talatin, kuma wata 'yar uwa ce za ta gasa, Biktoriya biyu ko uku a faranti daban-daban sun fi hasumiya ɗaya da za ta hana ta barci. A gasa ana gobe, a sa jam da safe.

In kek ɗin zai yi doguwar tafiya, daga Landan zuwa Glasgow ko a jirgi zuwa gida, ko ana so a raba wa waɗanda ba su zo ba, mai zabibi ne kaɗai amsa, sai Dundee in ba a buƙatar ado.

In biki ne na bazarar Turai a ɗaki mai sanyi, kuma mai kek yana kusa zai kawo da kansa a ranar, na lemun tsami da elda ya cancanci kuɗinsa.

In kuwa tsayi ake so don hoto amma aljihu bai kai ba, masu kek suna yin hawa na bogi da soso mai tauri a rufe shi da fondan, hawa ɗaya kawai ya zama na gaske don yankawa, sauran baƙi a yanko musu daga babban faranti a kicin. Ba abin kunya ba ne a can: a lokacin yaƙin duniya na biyu, da aka hana aisin saboda ƙarancin sukari, murfin kwali mai ado amare ke kifawa a kan ƙaramin kek. Ku dai tambayi kuɗin tukuna, domin adon hawa na bogi aiki ɗaya ne da na gaske, ragin ba ya kai yadda ake zato.